Ranar da Inna Ta Raka Takwararta

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma mu Fulani ne, ko da yake Fulatancin nawa bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Mahaifiyata, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba. An ce tun ina jaririya ba ta ba ni nono sai an watse daga ɗakin, ko kuma kakata ta tsaya a kanta da faɗa. Ana yaye ni kakar ta ɗauke ni, a sashenta na girma, taku ashirin daga ƙofar Inna, a wani ƙauye da ke bayan Miga. Idan Inna tana so a ba ni abu sai ta ce, "A miƙa wa waccan." Da na yi aure na tare a Dutse sai aka yi mini ƙarin girma, na koma "ta Dutse".

Alkunya ke nan. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na san al'ada ce, na san babu ƙiyayya a ciki, an gaya mini ya fi sau ɗari. Amma sani daban, zuciya daban. Ina da shekara talatin da shida, ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare, amma in na je gida na tarar da autarmu ta ɗora kai a cinyar Inna ana yi mata kitso, sai in kau da kai in bar wurin. Kishi ne, ba zan saka masa wani suna ba.

Sai da na shekara shida da aure kafin Allah Ya ba ni haihuwa, mace, kuma har yau ita kaɗai ce gare ni. Muka sa mata sunan Inna. Ni dai na yi wa alkunya tawaye, ina goya abata a gaban kowa, ina sumbatarta a gaban surukai, wanda zai yi gulma ya yi. Inna kuwa, duk abin da ta hana ni sai ta juye wa yarinyar. "Takwara" take ce mata. Ita ke mata kitso, ita ke shafe ta da man shanu har ta riƙa ƙyalli, ta ware mata karsana guda a garken ƙannena. Duk dogon hutu a can yarinyar take yin sa. In ta dawo sai ta riƙa kawo mini rahoto: "Inna ta ce wai a gidanmu ana cin abinci kuwa? Inna ta ce wai mai tarin nan ta gidanmu ta warke?" Ni ce mai tarin. Ta bakin yarinyar nan kawai nake jin cewa mahaifiyata na tambayata.

Shekarar da maigidana ya saya mini babbar waya na buɗe shafi a dandalin sada zumunta. Da farko barka da Juma'a ce kawai da hotunan girki. Wata rana na je gida, na faki idon Inna tana dama fura a ƙwarya, na ɗauke ta hoto. Da na dawo Limawa, unguwar da muke zaune a Dutse, na ɗora shi na rubuta a ƙasa, "Innata, farin cikina." Kafin magariba sharhi ya cika. Allah Ya bar ki da ita. Allah Ya ja kwana. Wata ta rubuta, "Kamarku ɗaya, har hancin." Wannan ce ta kama ni. A gidanmu babu mai iya faɗin haka a gabanta, ga shi mutanen da ban taɓa gani ba sun faɗa. Na karanta shi ya fi sau goma.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk zuwa gida sai na dawo da hotuna: tsamiyoyi biyu da ke ƙofar gida, rijiya, shanu suna dawowa ta burtali, saniyar da ke ɗingishi, ƙannena a gona da sunan kowa a ƙasan hotonsa. Wani ya tambaya, "Malama, ina ne nan? Wurin ya yi kyau." Ni kuma uwar son a yaba, na zauna na yi masa kwatance tiryan-tiryan: in ka bar Miga ka sauka daga kwalta, ka bi jar hanya, ka wuce firamare, gidan da ke da tsamiya biyu.

Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana, ma'aikaci ne a sakatariya. Ya leƙa wayar ya ce, "Ke kam saura mukullin gida ki ɗora."

Na ce, "To wa zai saci tsamiya?"

Ya girgiza kai ya wuce. Ni kuwa na ji daɗin amsar tawa har na maimaita wa malamai a ofis.

Wata Juma'a, ban san abin da ya taɓa ni ba, na zauna na yi dogon rubutu a kan alkunya. Na zazzage cikina kaf. Na ce mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce autarmu ta saya mata ƙaramar waya ta saka mata lambata a ciki, shekara uku ke nan ba ta taɓa bugo mini ba, kuma na san ba za ta taɓa ba. Na ce mijina ma in ya je gaishe ta, ta bayan labule take amsawa, balle ta kira shi. Na ce ko an gaya mata ba ni da lafiya, "Allah Ya sawwaƙe" kawai za ta ce ta ci gaba da aikinta. Na rufe da cewa duk da haka ina son ta fiye da kowa. Ina kuka na rubuta shi, kuma kowace kalma gaskiya ce.

Rubutun ya yi farin jini. Aka yi ta yaɗa shi, 'ya'yan fari daga ko'ina suna cewa labarinsu na faɗa. Masu neman abota suka yi ta shigowa, ni kuma ina karɓa kamar mai rabon goro a gidan suna, ba na duba fuska. A cikinsu akwai wata mata da ta sa hoton fure a madadin fuskarta. Kullum ita ce ta farko a sharhi. Daga baya ta fara yi mini magana ta akwatin saƙo. Ta ce tata mahaifiyar ta rasu, hotunan Inna ne ke ɗebe mata kewa. Takan tambayi jikin Inna, ta tambayi takwara aji nawa take, yaushe za a yi hutu, su wa ke zama a gidan da rana. Ina ba ta amsa. Tausayinta nake ji, har addu'a na sha yi wa mahaifiyarta bayan salla.

Da aka yi dogon hutu, damina ta yi nisa, gero ya kai ƙirji, na kai yarinyar ƙauye ranar Lahadi. Shekararta bakwai a lokacin. Na ɗauke su hoto a gindin tsamiya ita da Inna, na ɗora: "Takwara ta sauka, sai bayan sati uku." Washegari na ƙara wani: "Gobe sai Ringim, bitar malamai ta kwana uku. Waya a kashe daga safe har la'asar, a yi mini uzuri."

Abin da ya faru ranar Laraba ba a gabana aka yi ba. Na haɗa shi ne daga bakin mutum uku: maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke ce wa Goggo, da autarmu wadda Inna ta ba labarin daga baya, da ita kanta yarinyar.

Da hantsi ne, kowa yana gona ana maimai, wato noma na biyu. Gidan babu kowa sai Inna da takwararta, sai Goggo da ta shigo tsinkar zogale. Mota ta tsaya a gindin tsamiya. Wata mata ta yi sallama, dogon hijabi har ƙasa, da ledar lemo da burodi a hannu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Inna. Ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta tambayi saniyar da ke ɗingishi, ko ƙafar ta yi sauƙi. Ta jawo yarinyar jikinta ta ce, "'Yan aji biyu manya, ina jarrabawa?" Goggo ta ce ita kam ta ɗauka 'yar gida ce da ta manta fuskarta.

Sannan matar ta sauke murya. Ta ce tare muke koyarwa, tare muka je bita Ringim. Ta ce jiya da yamma zazzaɓi ya kayar da ni, an wuce da ni asibiti a Dutse, ana yi mini ƙarin ruwa. Ba na kiran kowa sai yarinyar. Maigidana yana kaina ba zai iya tasowa ba, shi ne ya roƙe ta ta zo da direba ta ɗauko ta.

Goggo ta ce, "Subhanallahi. Ai sai ki buga mata waya a ji muryarta."

Wayar Inna tana nan rataye a ƙusa cikin 'yar jakar tsumma, a bakin ƙofar ɗaki. Inna ba ta ɗaga kai daga ƙwaryar da take wankewa ba. Ta ce, "Allah Ya sawwaƙe."

Goggo ta ce, "To ko mijin nata."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Baƙuwar ta ce, "Wayar tata ma a kashe take, Inna."

Ba a kashe take ba. Ni da na yi wa duniya shelar zan kashe waya, tana kan cinyata a ƙarƙashin hijabi, mai bita yana ta bayani a kan allo ni kuma ina ƙirga waɗanda suka yaba hoton takwara. Da Inna ta danna, da bugu ɗaya zan ɗauka. Na daɗe ina jin haushin wannan. Kira ɗaya tak, a ce uwa ta ji 'yarta na kwance a asibiti ta kasa. Sai daga baya na zauna na yi wa kaina hisabi. Matar nan ba caca ta yi ba. Ta shigo gidan tana da tabbacin ba za a kira ni ba, kuma ni na ba ta tabbacin da hannuna.

Inna ta yi wa yarinyar wanka, ta shafa mata mai, ta haɗa mata kayanta a 'yar jakarta ta makaranta. Baƙuwar tana ta duba agogo. Sai Inna ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito da mayafinta na unguwa da takalmi, ta zare wayar daga ƙusa ta rataya a wuya.

Matar ta ce, "A'a, Inna, ki yi zamanki. Ba wani abin tashin hankali ba ne, zazzaɓi ne kawai. Gobe ma za a sallame ta."

Inna ta ce, "Ba wurinta za ni ba. Takwarata zan raka."

"Hanyar ba kyau, ga jikin girma."

"Da ƙafa na san ta, balle a mota."

Goggo ta ce matar ta fita wurin direban, suka yi ƙus-ƙus, ta dawo tana dariya ta ce, "To bismilla, Inna." Ina jin sun yi lissafin tsohuwa ce, a hanya sa san yadda za su sauke ta.

Suka shiga baya su uku. Matar ta so a zaunar da yarinyar a tsakiya, Inna ta ce takwararta ba ta zama sai a cinyarta. Suka bi jar hanya suka hau kwalta. Inna ba ta yi boko ba, ba ta karanta allon hanya, amma tun tana budurwa take ɗaukar ƙwaryar nono tana cin kasuwannin yankin nan da ƙafa. Da suka iso mararrabar da ake karyawa a nufi Dutse, motar ta miƙe ta ɗaya hannun.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ka bar hanya."

Direban ya ce ruwa ya cinye gada a can gaba, zagaye za su yi. A damina wannan ba abin mamaki ba ne. Inna ta gyara zaman yarinyar a cinyarta. Sannan ta juya wurin matar, ta yi tambayar da a sanina ita ce ta farko da ta taɓa yi wa wani a kaina kai tsaye.

Ta ce, "An ba ta kunun gyaɗa? Shi take iya sha in ba ta da lafiya."

Matar ta ce, "Ai kofi biyu ta sha da safe, Inna. Da hannuna na ba ta."

Ni ba na cin gyaɗa. Ko ƙuli-ƙuli na ɗanɗana sai fuskata ta kumbura, numfashi ya riƙa yi mini wuya. Tun ina goye aka gane, kuma duk malamin da ya taɓa zama ofis ɗaya da ni ya sani, don na ishe su da mita a kan miyar taushe. Abu ɗaya ke nan da ban taɓa ɗorawa a shafi ba, ba don wayo ba, don dai bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ban kuma taɓa sanin Inna tana riƙe da shi ba. A zatona kakata ce kaɗai ta damu da abin da ke shiga cikina.

Inna ta ce, "Madalla." Daga baya ta gaya wa autarmu cewa daga nan idonta bai bar marfin motar ba. Duk motar da ta taɓa shiga kwandasta ne ke buɗe mata, ba ta san me ake ja ba. Sai ta riƙa tuno inda matar ta sa hannu lokacin da ta sake buɗe ƙofa ta janye hijabinta da ya maƙale, kafin su tashi. Ta zame mayafinta a hankali, ta zagaya shi ta bayan yarinyar, ta ɗaure ta a ƙirjinta kamar mai jin sanyi. Yarinyar ta ce mini, "Inna ta matse ni har na ce zafi, ta ce in yi barci."

Suka iso wani gari da kasuwarsa ke ci ranar, irin kasuwar da ke malalowa har kan kwalta. Babura, amalanken shanu, masu tallar dafaffiyar masara, ga wasu tumaki da aka kora suna tsallakawa. Dole direban ya rage gudu, amma bai tsaya ba, yana ta danna ham. Inna ta ja abin da take zato shi ne. Ƙofa ta buɗe. Ta rungume yarinyar ta jefa kanta waje ta gefen dama, matar ta cafko gefen zaninta ya zame. Motar ta kutsa ta cikin tumakin ta wuce, ƙofa na lilo.

Hannun Inna na dama ya karye a wuri biyu, ƙugunta ya bugu. Yarinyar ƙujewa kawai ta yi a gwiwa.

Mutane suka taru. Wani mai kanti ya ciro wayar daga wuyanta ya ce wa za a kira. Ta ce, "Akwai ta Dutse a ciki." Haka autarmu ta rubuta sunana a wayar, don tsokana.

Ina zaune a ajin bita na ji waya tana rawa a cinyata. Na leƙa, na ga lambar Inna. Ban taɓa ganin lambar nan ta shigo wayata ba. Abin da ya zo mini shi ne ta rasu, don ban ga wani dalilin da zai sa wayar nan ta neme ni ba. Na fita ba tare da neman izini ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Muryar namiji ce. Ya ce, "Ke ce ta Dutse?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Wata baiwar Allah ce ta faɗo daga mota ita da yarinya, a nan kasuwarmu. Suna da rai, ki kwantar da hankalinki. Na tambaye ta mece ce ke a wurinta, ta ce uwar yarinyar ce."

Ban san yadda na isa tasha ba. Na kira maigidana, shi ya taso daga Dutse, ni daga Ringim, muka haɗu a ƙaramin asibitin da aka kai su, bayan la'asar. Autarmu ta riga mu zuwa. Yarinyar ta rugo ta faɗa jikina, na durƙushe a ƙasa ina shinshina kanta, ƙamshin man shanu, ina kuka kamar ba malama ba. Inna tana kwance an ɗaure hannun. Ta dube ni sau ɗaya, daga kai har ƙafa, a hankali, irin duban da ake wa saniyar da aka ce ba ta da lafiya. Da ta ga lafiyata ƙalau sai ta mayar da fuska bango. Ta ce wa autarmu, "A duba gwiwar takwara, kada ƙuda ya hau."

'Yan sanda sun zo sun ɗauki bayani. Da na ji kwatancen matar da irin abubuwan da ta sani, na buɗe waya na nemi mai hoton fure. Babu ita, babu shafinta, saƙonninmu sun koma ni kaɗai ke magana. Jami'in ya karɓi wayar ya yi ta jan shafina ƙasa, yana gani, har ya kai kan kwatancen tsamiya biyu. Ya miƙo mini ya ce, "Malama, ai ke kika zana musu taswira." Ba a kama su ba har yau. Ban san me suka yi niyyar yi da 'yata ba, kuɗin fansa ko wani abin da ya fi shi muni, kuma na hana kaina bin wannan tunanin har ƙarshe.

Maigidana bai ce "na gaya miki" ba. Da ya faɗa da na samu abin yin faɗa a kai, na huce. Shirunsa ya fi duka ciwo.

Kwana biyu na yi ina goge abin da na tara a shekara huɗu. Hoto bayan hoto, har na rufe shafin gaba ɗaya. Amma rubutun alkunya ya riga ya fita daga hannuna. Wasu sun kwafe shi sun ɗora a nasu shafukan, da hoton Inna tana dama fura, wasu ma sun sa sunansu a ƙasa. Na bi waɗanda na iya bi ina roƙo. Wani ya goge, wani ya ce ai rubutu ne mai amfani, wani ko amsa bai ba ni ba.

Da aka sallami Inna aka mayar da ita gida, na san akwai sauran abu guda a kaina. Ba ta san yadda aka yi baƙuwar ta san gidan ba. Mutanen ƙauye suna ta zargin juna, har an fara kallon wani makiyayi da ya sauka kusa da mu a daminar. Ba zan bari a ɗora wa bawan Allah laifina ba.

Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, don ni ba na hawa gadonta. Autarmu tana zaune a tsakaninmu. Na fuskanci autar na yi magana, kamar yadda muka saba, ita ake gaya wa amma Inna ake nufi. Na faɗi komai, hotunan da na ɗauka a ɓoye, kwatancen hanya, sanarwar tafiyata Ringim, matar da na yi wa mahaifiyarta addu'a. Na faɗi rubutun.

Inna tana kallon rufin ɗaki. Ta ce, "Me ta rubuta?"

Autar ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta ce, "Ta ce ba kya kiran sunanta, ba kya buga mata waya. Ta ce duk da haka ta fi son ki a kan kowa."

Ina jin kaji suna tono a tsakar gida. Na jira faɗa, na jira ko da tsaki ne.

Ta ce, "Mutum nawa suka gani?"

Autar ta ce, "Da yawa, Inna."

"Sun kai mutanen kasuwar da muka faɗi?"

"Sun fi."

A waje takwara tana bin ɗan maraƙi da gudu, da filasta a gwiwa, tana dariya. Inna ta juya kai tana sauraronta. Sannan ta ce, "Ki ce mata kada ta sake kawo takwara ta kwana. An san gidan."

Autar ta ce, "Haba Inna, ai sun gudu. Ba za su dawo ba."

Ta ce, "Waccan ta gudu. Sauran da suka karanta fa?"

Na so in ce za mu sa ido, ƙannena za su riƙa zama a gida, zan zo in zauna tare da su duk hutun. Amma na san damina, na san babu mai barin gona ya yi gadin yarinya, na kuma san gaskiya ta faɗa. Ni zan iya rufe shafi, ita ba za ta iya ɗauke gidanta daga gindin tsamiya ba. Hukuncin ya fi cutar da ita a kan kowa, ta sani, kuma ta yanke shi a kan kanta ba tare da ta ɗora mini ko kalma ɗaya ta zargi ba. Na tashi na zagaya bayan rumbu na yi kukana.

Hannun ya ɗoru amma yatsun ba sa rufuwa sosai. Ba ta iya kitso yanzu, furar ma matar ƙanena ke dama mata. Mukan je da salla da kuma in an yi rasuwa ko suna, mu isa da hantsi. Tana jin kiran la'asar za ta fara ce wa autarmu, "Ki ce su tashi, hanya." Yarinyar takan riƙe mata mayafi tana roƙon kwana ɗaya kawai, Inna ta zare hannunta a hankali ta ce, "Wata rana, takwara."

Hutun farko bayan abin, ranar da aka rufe makaranta yarinyar ta dawo ta haɗa jakarta da kanta, ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kai tana jiran a kai ta. Na ce mata hannun Inna bai warke ba. Hutu na biyu ma ta haɗa, na ce mata hanya ta lalace. Bana an yi hutu tun sati biyu da suka wuce, jakar tana rataye a bayan ƙofa. Ba ta haɗa ba, ba ta kuma tambaye ni ba.